Auta da Esin Ɗakin Yayansa

Auta ƙanen mijina ne. Yana da shekara goma sha ɗaya aka kawo mana shi, bayan rasuwar mahaifiyarsu, ni kuma lokacin ko shekara ban cika a gidan miji ba. Da jakar leda ɗaya ya zo, ya cire takalmi tun daga matakala don kada ya ɓata mini ɗaki. Na ce masa tunda ya zo na samu miji na biyu, sai ya fara shirin kawo cefane. Ya kalli yayansa a tsorace, ya ɗauka da gaske nake. Tun ranar nake ce masa ƙaramin maigida, shi kuma yana ce mini Anti, har yau da furfura ta cinye masa rabin kai.

Maigidana aikin esi yake yi, irin wanda ake maƙalawa a bango, ya ba da sanyi lokacin zafi, ya ba da ɗumi lokacin sanyi. Auta na gama makaranta ya bi shi. Shekara goma sha bakwai suka yi tare, mota ɗaya, akwatin kayan aiki ɗaya. Aikin na mutum biyu ne. Akwai kan da ke cikin ɗaki, akwai injin da ake ɗorawa a kan ƙarfe ta bayan gini, sai a huda bango a zura bututun tagulla ya haɗa su. Ɗaya yana ciki yana turawa, ɗaya yana waje yana ja. Su karɓa-karɓa suke yi, yau wannan ya fita, gobe wancan. Ta wannan ramin suke hira, ta nan suke faɗa. Auta ya taɓa ce mini rabin abin da ya sani a duniya ta ramin bango yayansa ya gaya masa, har da shawarar matar da ya aura.

Ranar da abin ya faru Auta ne ke da fita, amma ya tashi da zazzaɓi. Yayansa ya taɓa masa goshi a mota ya ce, "Kai zauna ciki, jikinka kamar dutsen guga." Bene ne, hawa na uku. Auta yana kan tsani a cikin ɗaki yana tura bututu, yana jin ana ja ta wancan ɓarin, sai kawai ya ji bututun ya yi sakayau a hannunsa. Ya ce bai ji ƙara ba, bai ji ihu ba. Har sau biyu ya kai baki ramin yana cewa, "Yaya, ja mana." Daga baya aka gano ƙarfen tagar da aka ɗaura igiya a jikinsa tsatsa ta cinye shi ta ciki, shi ne ya ɓalle, maigida ya faɗo ƙasa.

Wata biyar muka yi a asibiti. Lakar baya ta taɓu, daga ƙirji zuwa ƙasa maigida ba ya jin komai. Hannuwansa sun tsira, bakinsa ma ya tsira, shi da kansa yake cewa bakin har ƙari ya samu. Aka dawo da shi gida, ɗakinmu na hawa na biyu, maza huɗu suka hau da shi a kan kujera.

Auta bai sake komawa aikin ba. Ya rufe motar da tamfol, ya kama ɗan teburi a bakin shagon wani mai sayar da kayan wuta, yana gyaran fanka da rediyo. Ko kujera ya taka don canza ƙwan fitila sai ka ga gumi ya tsattsafo masa. Kullum da safe kafin ya tafi teburinsa zai biyo, ya ɗaga yayansa, ya yi masa wanka, ya canza zanen gado, ya juya shi. Bai taɓa fashi ba. Amma ba ya haɗa ido da shi. Idan na tsokane shi na ce ƙaramin maigida yau ba cefane, sai ya ce, "Anti ke nan," ya ci gaba da matse tawul.

Da zafi ya shigo muka ga wani sabon abu. Jikin maigida ya riƙa ɗaukar zafi da rana, fuskarsa ta yi ja, magana ta riƙa sarƙe masa. Likita ya ce mai irin wannan ciwo jikinsa ba ya gumi daga inda ciwon yake zuwa ƙasa, kuma idan sanyi ya zo ba zai iya ɗumama kansa ba. Dole ɗakin ya zama ba zafi ba sanyi, duk shekara. Mu kuwa fanka kawai gare mu. Bangon ɗakin wani lungu yake kallo, ba baranda, shi ya sa shekara da shekaru maigida yake cewa sai ya samu sarari zai saka mana esi.

Kwana biyu da jin haka Auta ya zo da kwalaye biyu na sabon esi, ya jingine su a gefen gado.

Ya ce, "Gobe zan turo Dogo ya saka." Dogo wani abokin sana'arsu ne.

Maigida ya ce, "Dogo da yake barin tiyo a kwance ruwa ya riƙa ɗiga wa mutane a kan katifa? Shekara talatin ina wannan aiki, ba wanda zai huda mini bango sai wanda na koya wa."

"Yaya, ba zan iya ba."

"To a bar shi a kwali."

Kwana shida kwalayen nan suna jingine. Ina jiƙa zane ina shimfiɗa masa, kafin in juya ya bushe. Na roƙi maigida ya bar Dogo ya zo, ya juya fuska bango. A rana ta shida da azahar ya kalle ni ya kira ni da sunan mahaifiyarsa. Na zuba masa ƙanƙara a hammata har ya dawo hayyacinsa, na bar shi da 'yarmu, na tafi teburin Auta. Ban ko gaishe shi ba. Na ce, "Kai tsoro, shi taurin kai, ni ce za a bari da gawa." Na san magana ce mai nauyi. Ya ajiye sukurudireba, ya kalli hannuwansa.

Washegari da safe ya zo da akwatin kayan aikinsu, ƙura ta yi masa fari.

Maigida ya sa aka ja gadonsa tsakiyar ɗaki, aka tokare shi da matashi uku don ya ga komai. Tun da ya faɗi ban ga idonsa ya yi haske irin na ranar ba. Auta ya hau tsani. Ya auna tazara daga silin, ya ɗora farantin ƙarfen da ake rataya kan esin, ya aza ma'auninsu mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya yi alama da fensir.

Maigida ya ce, "Matsa dama kaɗan. Kada iskar ta riƙa dukan ƙirjina kai tsaye."

Da Auta ya zo huda bango sai maigida ya ce masa, "Sunkuyar da bakin injin. Ramin ya gangara waje, ruwa ba ya hawa tudu."

"Na sani, Yaya."

"Na san ka sani. Bakina ne ke neman aiki."

Na rufe wa maigida fuska da mayafi saboda ƙura, ya ture. Ramin ya ɓulle, haske ya shigo ta ciki kamar tsabar kuɗi a jikin bango. Auta ya naɗe bututun da waya da tiyo wuri ɗaya, ya zura, ya rataya kan esin har ya ce ƙas. Daga nan ya sauko ya tsaya tsakiyar ɗaki, saboda aikin ciki ya ƙare, saura na waje.

A ƙasan tagarmu akwai ɗan tudun siminti, faɗinsa bai fi tafin ƙafa ba. A kai zai tsaya. Igiya biyu ya kawo. Ya wuce da su ta ƙofa ya ɗaura a ginshiƙin matakala, ya rataya da dukan nauyinsa ya gwada, ya sake gwadawa. Maƙwabtanmu biyu suka shigo don su zura masa injin ta taga. Maigida ya ce a miƙo masa igiyar da ta bi ta gefen gadonsa. Na ce ai a ɗaure take, riƙonsa ba zai ƙara komai ba. Ya ce dai in ba shi. Ya naɗe ta a hannu sau biyu.

Auta ya fitar da ƙafa ɗaya, ya fitar da ta biyu. Muka ji ƙarar injin huda, muka ji sufana. Can sai shiru. Na leƙa, na gan shi ya manna goshi da bango, ido a rufe, hannunsa ya ƙanƙame ƙarfen da ya kafa, leɓensa yana motsi. Na buɗe baki zan yi magana, maigida ya girgiza mini kai.

Ya ɗaga murya kamar yadda yake yi da, ya ce, "Auta, noti nawa ka ɗaure?"

Daga waje Auta ya ce, "Biyu."

"Saura nawa?"

"Biyu."

"To ɗaure na uku. Na hagu na ƙasa. Ka gaya mini idan ya kama."

Haka ya riƙa jan sa, noti bayan noti, har aka zura injin ya zauna a kan ƙarfen, ya haɗa bututun, ya shafa kumfar sabulu a mahaɗa don ya ga ko gas yana fita. Awa ɗaya da wani abu ya yi a waje. Da ya shigo kai tsaye banɗaki ya nufa, muka ji yana amai. Ni kuma na zo warware igiyar daga hannun maigida, na tarar ta yanke masa tafi, jini ya ɓata zanen gado. Ya ce in share kafin yaron ya fito.

Da la'asar aka kunna. Murfin ya buɗe a hankali, iska mai sanyi ta sauko. Maigida ya rufe ido ya daɗe. Da ya buɗe sai ya ƙura wa esin ido ya ce, "Ya karkata."

Auta ya hau ya aza ma'auni. Ɗigon yana tsakiya daidai. Ya ce, "Yaya, kai ne ka karkata, matashinka ya zame." Suka yi dariya su biyu har maigida ya fara tari. Rabon da in ji dariyar Auta tun kafin asibiti.

Bayan ya tafi maigida ya ce mini, "Dogo ya iya aiki, sharri na yi masa. So nake yaron nan ya koma sana'arsa. Yanzu ya fita sau ɗaya, zai sake fita."

Bai sake ba. Ya koma teburinsa. Duk lokacin da yayansa ya tambaye shi motar fa, sai ya ce sai an kwana biyu. Da aka shekara ya sayar da ita. Ranar maigida bai ci abinci ba. Daga baya ya daina tambaya, sai ya koma cewa da ni, "Na fitar da yaron nan taga a banza. Da ya faɗi fa? Me zan ce wa matarsa?"

Esin ya yi aikinsa. Da sanyi ya zo muka juya shi ya koma ba da ɗumi, maigida ya daina farkawa da ƙafafu kamar ƙanƙara. Duk farkon wata Auta zai ciro ragar da ke tare ƙura ya wanke ya shanya a taga. Shekara uku da wata bakwai muka yi a haka, kafin ciwon ƙoda ya shigo.

Wata safiya, sati biyu kafin rasuwarsa, Auta yana goge masa baya, ni ina ninke kaya, na ji maigida ya ce, "Auta, ka yafe mini tagar nan."

Auta ya tsaya da tawul a hannu. Ya ce, "Yaya, ni ke da fita ran nan."

"Zazzaɓi kake yi."

"Da na sha magani na fita."

"Ƙarfen da ya ɓalle da ni, da kai zai ɓalle. Da yanzu ni ke maka wanka, ni kuwa ba ni da haƙurinka, kullum sai na zuba maka sabulu a ido."

Auta bai yi dariya ba. Ya kifa kai a kafaɗar yayansa, inda yake iya ji, ya yi kukan da bai yi ba a asibiti. Na fita na ja musu ƙofa.

Allah ya karɓi ransa da hantsi, Auta na riƙe da kansa. Bayan 'yan watanni na tattara na koma wurin 'yarmu, don matakalar ta fara gagarar gwiwoyina. Mai gidan hayar ya tambaya ko za mu cire esin. Auta ya ce a bar shi. Wani tela ne ya kama ɗakin da matarsa da jaririyarsu. Auta ya rubuta musu a takarda yadda ake wanke raga da lambar sanyin da za su riƙa saka wa esin saboda jaririya, ya miƙa musu rimot ɗin da har ya goge saboda riƙo.

Watan jiya surukina ya ce zai saka mini esi a ɗakina, ya tambayi Auta wanne zai saya. Auta ya auna ɗakin da taku, ya faɗa masa, ya kuma kira Dogo. Ranar aikin ya rufe teburinsa ya zo. Gidan ba bene ba ne, injin bai fi tsayin mutum daga ƙasa ba, amma ya kama ƙafar tsanin Dogo da hannu biyu tun farko har ƙarshe. Dogo ya ce masa ya saki ya huta, ya yi kamar bai ji ba. Da suka gama Auta ya shigo ya duba, ya sa hannu a iskar, ya ce aikin ya yi. Na zuba masa abinci, ya ce a ƙoshe yake, akwai fankar wata mata da ya yi alkawarin gamawa kafin yamma.