Daga Ƙofar Maigari Ake Farawa

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, gwamnati ta ce za ta haƙa rijiya a ƙauyenmu, can tsakanin Batsari da Safana. Guda ɗaya tak. In an samu ruwa, madalla. In ba a samu ba, an gama da mu. Ina sabon malamin firamare a lokacin, kuma abin ya tsaya mini a rai saboda Inna, mahaifiyata. Kullum sai ta je rafi mai nisa da tulu, ga ciwon wuya, har ba ta iya waiwaye sai ta juya gaba ɗaya.

Wani ma'aikacin ruwa ya zo daga birni da wandonsa mai faɗin ƙafa. Ya tara mu gindin tsamiya, kuma wallahi bayaninsa ba laifi. Ya ce ruwa gangare yake bi. Ka tashi daga wani wuri, ka yi ta bin inda ƙasa ta fi gangarawa, har ka kai inda ko'ina ka taka hawa ne. Amma, in ji shi, ba a yarda da kwarin farko. Sai an tashi daga wurare daban-daban, har bayan dutse, sannan a ga wanne ya fi zurfi.

Sai wani baffana, wanda ba a magana bai sa baki ba, ya gyara rawani.

"Ranka ya daɗe, a garin nan ba a fara komai sai daga ƙofar Maigari. Ko awon gona daga nan ake tashi."

Na ce, "Baffa, ai ruwa bai san ƙofar kowa ba."

"Kai, rufe mana baki! Don an ba ka alli sai ka fi iyayenka?"

Na dubi ma'aikacin, ina jira ya kare maganarsa. Ina! An riga an yanka masa zakara, ƙamshi na tasowa daga cikin gidan Maigari. Ya duba agogo, ya ce ai ko'ina aka fara duk ɗaya ne. Mutumin da yanzun nan ya gama faɗin akasin haka! Tun daga ranar na raina shi.

Haka manya da gemunansu suka jeru kamar agwagi, suka gangara daga zauren Maigari. Ba su yi nisa ba suka tsaya a wani ɗan kwari bayan gidan, inda aka taɓa ɗibar ƙasar gini. Aka yi fatiha, aka kafa turke. Akwai kuwa fadama a bayan dutse, amma ba wanda ya leƙa ta, don sai an hau tudu kafin a kai, su kuwa gangara kawai suka riƙe.

Mahaƙa suka yi ta sara har suka ci karo da dutse, ko danshi babu. Suka kwashe kayansu suka wuce wani gari. Amma fa an yi wa ramin baki da siminti, sumul, don kada baƙi su ga abin kunya. Baffa har ya bar duniya yana cewa aljanu ne suka janye ruwan. Tir!

Inna ta ci gaba da zuwa rafi. Hanyarta ta gefen rijiyar take, inda dattawan suka mayar wurin hira, don bakin simintin yana da daɗin zama. Sai ta tuɓe takalmi, ta rusuna da tulu cike a kanta, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna tambayar ta yaya wuyan.