Fitilar Birkin Motar Yaya

Tsohuwar motar yayana ta sha mana kai. A gaban mai gyaran waya a Azare fitilar birkinta garau take, amma da mun dawo daga gonarmu ta Chinade sai shegiyar ta mutu. Ni ke taka birki, shi yana baya yana dubawa.

"Ta kama, Yaya?"

"Ina fa! Kai ko takawa ba ka iya ba."

Sai bayan rasuwarsa na gano buhunan geron da muke cusawa a but ɗin baya ne ke danne wayar har ta saɓule. Na ɗaure ta, na shiga na taka birki, na ɗaga murya na tambaya ko ta kama.

Babu kowa a bayan motar.