Sarewar da ban ji ba a Kwanar Dangora

Shekarun baya can, ana gab da shiga shekara ta dubu biyu, ina aiki a wani shagon kaset a Kwanar Dangora, kusa da inda motocin Zariya ke tsayawa. Shagon na wani Alhaji ne, amma kujerar da ke gaban rikoda mai baki biyu tawa ce. Ni nake ɗaukar waƙa daga uwar kaset in zuba a sabo, ni nake saurara in ce wannan ya yi, wancan muryar tana ja, a sake. Direbobi kan zo su ce a ba su kaset ɗin da na saurara da kaina. Wannan ya sa kaina ya kumbura ba kaɗan ba. In ana musu a kan sauti, ba na barin kowa ya kai ƙarshen maganarsa.

Ina da wata 'yar rikoda ta aljihu mai iyafis guda ɗaya tal, irin na rediyo. Da ita nake gwada kowane kaset kafin ya bar shago. Kullum a kunnen dama nake sa iyafis ɗin, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Wata rana bayan la'asar sai ga abokina, direban babbar mota da ke zuwa Legas, ya shigo yana taku ɗai-ɗai, da wata 'yar na'ura a hannu mai faɗin murfin kwano. Ya buɗe ta ya nuna mana faifai yana ƙyalli, ya ce sunansa sidi, kuma daga yau kaset ya zama kayan tarihi. A gabana fa, a cikin shagon kaset. Na ce masa ƙyalli daban, sauti daban, a gwada a ji. Aka yi sa'a faifan nasa yana da wata waƙar Indiya da na sha ɗauka har na haddace inda mawaƙiyar ke jan numfashi. Kafin ka ce me, masu shayi da 'yan kamasho sun cika ƙofar shago, Alhaji ma ya jawo kujerarsa.

Na fara jin waƙar a rikodata, sannan abokina ya sa mini iyafis ɗinsa mai kai biyu, ɗaya a kowane kunne. Zan faɗi gaskiya, raina ya ɗan sosu. Babu shuuu ɗin nan da kaset ke yi a ƙarƙashin waƙa, gangar kuma tana fita tas kamar makaɗin yana zaune a gefena. Ina ta neman abin kushewa ban samu ba, har aka zo wurin da sarewa ke shigowa bayan baiti na farko. Shiru. Ganga tana tafiya, wurin sarewa wayam. Na cire iyafis ɗin ina murmushi, na ce, "Mutumina, an cuce ka a Legas. Na'urarka ta cinye sarewar."

Ya karɓa ya saurara, ya ce ga sarewa nan raɗau. Mai shayi ya sa, ya ce yana jin ta. Alhaji ya goge iyafis ɗin da bakin rigarsa ya sa, shi ma ya gyaɗa kai. Ni kuwa na tsaya kai da fata cewa duk sun ruɗu da ƙyalli ne, ba wanda ya san waƙar nan kamar ni. Sai abokina ya tsaya yana kallona, can ya ce in kawo kaina. Ya juya iyafis ɗin, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu, ya mayar da waƙar baya. Sarewa ta shigo mini tangararas, ganga kuma ta ɓace.

Ya yi bayani cewa wannan na'ura raba kiɗa take yi, wani ta tura kunnen hagu, wani kunnen dama, ita kuwa rikodata haɗe komai take yi ta zuba a kunne ɗaya. Sannan ya matso ta hagu ya raɗa mini wata magana. Iskar bakinsa kawai na ji a fatar kunnena. Aka kwashe da dariya, daga baya dariyar ta mutu da kanta da suka ga fuskata. Ina saurayi da gemuna, a ranar na san cewa kunnena na hagu ado ne kawai.

Abubuwa suka riƙa dawo mini. Dattijon nan mai sayar da goro da ya taɓa kai ƙarata wurin Alhaji wai ba na amsa gaisuwa, ashe rumfarsa tana hagu da hanyata. Nauyin barcin da nake alfahari da shi, wai ko tsawa ba ta tashina, ashe a kan kunnen dama nake kwanciya.

Kashegari labari ya gama kwanar. Wani direba ya dawo da kaset ɗin da ya yi wata da watanni yana ji a motarsa, wai yanzu ya lura sautin bai cika ba. Wani in zai yi mini magana sai ya ɗaga murya yana nuni da hannu. Bayan 'yan kwanaki na zo da safe na tarar da ƙanin matar Alhaji a kan kujerata. Alhaji ya kira ni gefe, da lallashi, ya ce ba kora ba ce, zan koma kan teburin batir da tocila, tunda mutane sun fara magana.

Na ce, "Alhaji, kafin ranar nan, wa ya taɓa dawo maka da kaset ya ce aikina bai yi ba?"

Ya ce shi bai ce aikina bai yi ba, amma kasuwa da bakin mutane take tafiya.

Na ce, "Kunnen da ya yi maka aiki jiya shi ne a jikina yau. Ba a cire mini komai ba. Batir kuma ba zan sayar ba." Na ajiye masa makullin shagon a kan kanta na fita. Ban waiga ba.

Na hau babur na nufi Yako wurin mahaifiyata, raina a ɓace, don na san in akwai wanda ya sani to ita ce. Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, na zauna a tabarma, sai ta tashi da kwanonta ta zagayo ta zauna ta damana. Nan take na tuna ban taɓa ganin ta zauna ta haguna ba. Na tambaye ta kai tsaye. Ba ta daina ɓarar ba, ta ce tun ina ƙarami na yi hangum da zazzaɓi mai zafi, da na warke ta lura in ta kira ni ta wannan gefen ba na juyowa. Ko mahaifina ba ta gaya wa ba har ya rasu.

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba? Ga shi an yi mini dariya a bainar jama'a, aikin ma ya tafi."

Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai ɗan nan, da na gaya maka, da a inuwa ka tashi kana jiran a tausaya maka. Ka yi allo da shi, ka yi noma da shi, ka koyi sana'a da shi. Su da suke da biyu, me suka ji da ya fi naka?" Ta turo mini kwanon gyaɗar ta ce in taya ta, hannuna dai ai biyu ne.

Da na koma kwanar, abokina ya same ni duk kunya ta ishe shi, ya ce shi ya jawo mini, ya miƙo mini na'urar sidin ya ce in riƙe. Yana tsammanin zan yi kawaici in ce a'a. Na karɓa har da faifan. Na kai ta Kano na yi musaya da tsohuwar rikoda mai baki biyu, na dawo na kafa tebur a gindin wata bishiyar darbejiya, tsallaken titi, ido da ido da shagon Alhaji. Na ajiye kujerata yadda kunnen dama zai fuskanci hanya. Duk wanda ya zo, kafin ya buɗe baki nake gaya masa cewa da kunne ɗaya nake aiki, in ya yarda bismilla. Wasu sun dawo wurina da kaɗan-kaɗan. Wasu har kaset ya mutu ba su tako teburina ba, ni ma ban je roƙonsu ba. Ban yi arziki a gindin bishiyar nan ba, amma a nan na yi aure, a nan na ci da iyalina har zamani ya juya.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne musun da na ga kuna yi kwanan nan, wai tsakanin sidi da 'yan na'urorin nan masu memori wanne ya fi sauti. Wani ya ce in raba gardama tunda tsohuwar sana'ata ce. To, na ji duka biyun, kuma a kunnena sidi ya fi cika, na memorin kamar an ɗan matse shi. Amma ku sani rabin kiɗan nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Har yau ban tabbata ko mahaifiyata ta yi daidai da ta ɓoye mini ba, wani lokacin ina jin haushin abin. Abin da na tabbata shi ne ban yarda an mayar da ni teburin batir ba, kuma ban taɓa ba wa kowa haƙuri a kan kunnen da ba ni na kashe shi ba. Wanda ke da magana da ni ya zagayo ta dama. Wanda ya ga zagayen ya yi masa nisa, ya riƙe maganarsa.