Leburan da Ya Ɓata wa Tanimu Hotuna

Tanimu mai hoto ɗan Damagaram ne, amma a Yamai gemunsa ya yi fari. Ɗan shagonsa yana kusa da kasuwar Petit Marché, inda yake wuni yana ɗaukar hoton katin shaida, yana ce wa manya da yara su ɗaga haɓa, su daina ƙifta ido. Da wannan yake ciyar da gida. Abin da ransa ke so kuwa ƙarfe ne.

Ciwon ya kama shi tun lokacin da aka fara shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso. Kowace Lahadi sai ya rataya kyamara, ya hau motonsa, wani tsohon babur mai tari, ya bi layin. Ya ɗauki tasha, ya ɗauki kadarkon da ruwan damina ke bi ta ƙarƙashinsa, har kusoshi bai bari ba. Shekaru suka shuɗe ba wanda ya sayi tikiti, ciyawa ta tsiro tsakanin ƙarafa, awaki suka samu wurin hutawa. Tanimu ko a jikinsa.

"Malam, in jirgin naka ya iso, a kama mini kujera kusa da taga," in ji matarsa Rahama duk sanda ya fita. Abokan shan shayi kuwa suka naɗa shi shugaban tashar da ba jirgi. Yakan yi dariya, amma maganar tana sosa masa rai.

Halaye biyu gare shi a aiki. Ba ya son mutum a hoton ƙarfe, ko akuya ce ta gifta sai ya kore ta. Sannan ba ya goge hoto, don a zamanin fim ya koyi sana'a, lokacin da kowane ɗauka yake da daraja. Wanda ya lalace sai ya tura shi wani lungu cikin ordinatarsa, wato kwamfuta, lungun da yake kira na ɓatattu, bai kuma waiwayarsa.

Wata safiya Balki, mai sayar da salati da kabeji daga lambunan Gamkalley, ta kawo ƴarta Anisa a ɗauke ta hoton lakwal, wato na makaranta. Tana jira idonta ya faɗa kan hoton kadarko da ke bango, ta tsaya cak.

"Malam Tanimu, ai a nan maigidana Abdulaye ya yi leburanci."

Ta ce Anisa tana goye Allah ya yi masa rasuwa. Shekarar da kogi ya cinye unguwarsu, ruwa ya tafi da ɗakin, da katinsa, da wayar da hotunansa ke ciki. Yarinya kullum tana tambayar kamannin ubanta, ita kuwa ba ta da amsar da ta wuce dogo ne, baƙi, mai dariya.

"Rabin mazan Yamai ke nan," in ji Balki. "Ni kaina fuskar ta fara kuɓuce mini, wallahi tsoro nake ji. Ko kana da hoton leburori?"

Kunya ta rufe Tanimu. Shi da ya yi ta daka musu tsawa su matsa! Duk da haka ya zaunar da su, ya buɗe hotunansa masu kyau ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe, siminti, sararin sama, ko inuwar mutum babu. Anisa ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

Har Balki ta ɗauki kwandonta, sai ya tuna wani ɗan fitina. A kadarkon nan akwai leburan da ya hana shi sakat. Da ya saita kyamara sai mutumin ya faɗo gaba, ya banƙaro ƙirji, shebur a kafaɗa, yana cewa, "Mai foto, ƙarfe ba ya murmushi, ni za ka ɗauka!" Ranar Tanimu ya koma gida yana huci, aikin wuni guda ya tashi a banza.

"Dakata, Balki," ya ce, ya shiga lungun ɓatattu.

Ga shi nan kuwa. A wani hoton rabin fuska, a wani yana tsalle, a wani ya cika hoton gaba ɗaya, baki har kunne, da wushirya a fili.

Kwandon ya suɓuce daga hannun Balki, kabeji ya gangara ƙarƙashin benci.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Haka yake, ba ya jin magana." Tana dariya, hawaye na zuba.

Anisa ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kai ɗan yatsa ta taɓa tsakanin haƙoranta na gaba.

"Baba Tanimu, za a iya ƙara masa girma?"

Daɗin da ya cika Tanimu bai taɓa jin irinsa ba tun da ya riƙi kyamara. Ya wanke hoton a takarda mafi girma da yake da ita. Da ya rasa firam, sai ya ciro hoton kadarkonsa daga bango, wanda ya fi ji da shi, ya zare shi ya sa Abdulaye a gurbinsa.

Ya miƙo leda a rufe hoton saboda ƙura, Anisa ta ƙi. Ta rungume shi a ƙirji, fuskar tana duban waje, ta kutsa cikin kasuwa gaban uwarta. Tanimu yana tsaye a ƙofar shago yana jiyo muryarta tsakanin masu nama da masu yaji, tana tare duk wanda ta gamu da shi.

"Babana ne. Shi ya gina gadar jirgi."