Tsakanin Karya da Ƙarya

A Mbamoi aka haife ni, kuma da Fulatanci na buɗi baki. Hausa a kasuwa na tsince ta, yadda na tsince ta haka nake furta ta. In na kira mutum ya zo, "jo" ne ke fita. Babu wanda ya damu, don rabin Jimeta haka suke magana.

Bayan na yi aure na samu aiki a injin niƙa a Jambutu. Da shi nake ciyar da gidana, ba ni da wani. Maigidana mai injin Bakatsine ne, dattijo, ba ya maimaita magana.

Wata rana da hantsi matar wani mahauci, sabuwar zuwa daga Kano, ta kawo masara. Na niƙa, na juye mata. Ta leƙa kwano ta ce na rage mata gari. Ban rage ba. Na nuna ta da yatsa na ce, "Karya ce!" Ƙarya nake nufi, amma maƙogwarona bai san wannan harafi ba. Abin da ya shiga kunnenta shi ne na kira ta macen kare a gaban mata.

Ta je ta zo da mijinta. Da farko ya shaƙe mini wuyan riga, ya buga fuskata a ƙarfen injin. Sannan ya sa mini gwiwa a ciki. Da na faɗi, ya ciro tsohon bel ɗin inji daga bango ya hau zuba mini a baya.

"Wace ce karyar? Faɗa mini, ɗan iska!"

Ni kuma ina ƙoƙarin bayani. "Wallahi maigida, karya ce!"

Duk sanda na faɗa sai ya ƙara. Mata na ihu. Haƙorina ya faɗa cikin gari, jini ya bi shi.

Maigidana ya saurari kowa, sannan ya dube ni. "Ko ka gyara harshenka ka je ka faɗa wa mutumin nan abin da kake nufi, ko ka koma Mbamoi ka kama fartanya."

Shi ya koya mini, kullum bayan la'asar in mun kashe injin. Yakan danna babban yatsansa a maƙoshina. "Riƙe numfashi. Ɗaga maƙogwaron. Sake shi." Mun fara da ƙafa, muka wuce ƙofa, sannan ya haɗa mini ƙasa da kasa. In na kuskure, sandar da muke tura masara da ita ce ke sauka a bayan hannuna. Leɓena a kumbure, ina tofar da jini, ina maimaitawa. A gida da na gwada wa matata, ta yi dariya har ta gaji, sai na koma yi wa awaki.

Ranar da ya gamsu, ya sa ni gaba har teburin mahaucin. Mutumin yana saran ƙashi, bai ɗago ba.

Na ce, "Maigida, ba karya na ce ba. Ƙarya na ce."

Harafin ya fita tsaf, har mai tebur na kusa ya juyo. Mahaucin ya ajiye wuƙa.

"Wato matata maƙaryaciya ce?"

Ni ba na janye magana in ina da gaskiya. Na ce, "A kan garin nan, eh."

Da hannun da ke da kitse ya wanke ni da mari. Na faɗa kan bokitin kayan ciki, kunnena yana ƙara.

Maigidana ya kama hannuna ya ɗaga ni, ya kaɗe mini riga.

"Wannan karon ya ji ka daidai," in ji shi. "Gobe ka buɗe injin da wuri."