Gadar da Ɗan Goggo Ya Gina Wa Kansa

Ɗan Goggo, taubashina, tun yana yaro bai iya cewa a'a ba. Shi ya sa har yau yake lungun ofis kusa da firinta, sanƙo ya cinye masa kai har ƙeya.

Kamfaninsu na da manhajar da aka rubuta da Java. Wannan yare, in ji shi, ɗan gata ne: ba ya magana da injin kwamfuta kai tsaye, ɗakinsa daban, har da mai shara da ke kwashe abin da ya gama amfani da shi. Amma na'urarsu ta ɗaukar zanen yatsa wani tsohon shiri na yaren C kaɗai take ji, wanda aka riga aka juya zuwa yaren inji, mai shi kuma ya ɓace da asalin rubutun. Aka ce wa zai haɗa su? Gogan ya ɗaga hannu.

Gadar da ya gina tsakaninsu ta yi aiki. Sai dai wani lokaci mai shara kan kwashe abin da tsohon shirin ke riƙe da shi, komai ya mutu ba ko sallama.

Burinsa ɗaya ne, a mayar da shi sashen sababbin ayyuka. Amma duk wanda ya koya wa aikin gadar don ya gaje shi, sai ya ajiye aiki ya gudu.

"Oga, ni sai yaushe?"

"Haba, Injiniya! In ka tashi, wa zai taɓa wannan aljanin?"

Na ce, "Bawana, ka lalata ta mana, ka huta."

Ya ce ya gwada, shi aka sa ya gyara.

Sa'o'insa duk sun zama manajoji. Jiya na ga ya kai wa kujerarsa matashi daga gida.