Katin da Bai Kai Gidan Herlinda Ba

Faɗana da Eduviges Baeza a kan ƙamshi ya tashi. Jikata za ta yi bikin cika shekara goma sha biyar, aka raba ɗawainiya yadda aka saba: wani ya ɗauki kek, wani makaɗa, wata takalmi, Eduviges kuwa ta ɗauki katin gayyata. Ranar da ta kawo su cikin kwali, na ɗaga ɗaya na kai hanci.

"Comadre," na ce, don haka muke kiran juna tun da na riƙe ɗanta ranar baftisma, "biki kike kiran mutane ko karin kumallo? Katin nan kofi yake ƙamshi."

"To tsoma burodi ki ci," in ji ta. "Wadda ba ta iya karanta abin da ke ciki ba, ai dole ta sansana."

Muka yi kwanaki ba ma gaisawa, sai da ta aiko mini da tukunyar wake, sannan na ga dama na huce.

Kofin nan shi ne sirrin sana'arta. Farin leshi mafi arha take saye, irin wanda ke ƙyalli kamar leda, ta tafasa shi cikin kofi, ta shanya a bayan gida. In ya bushe ta liƙa a gefen kati, sai ka rantse daga akwatin kakar wani aka ciro shi. Uwarsu ce ta koya musu a ƙauyensu na Chihuahua, ita da ƙanwarta Herlinda, tun kafin su biyun su tsallako iyaka zuwa El Paso ɗinkin wanduna a kamfani. Da kamfanin ya rufe, Herlinda tana da miji mai motar ɗaukar kaya. Eduviges kuwa nata mijin ya riga ya mutu, sai almakashi da gam da ɗa ɗaya, Rutilio.

Babu lungun da ba ta sani ba. Takan tsallaka gadar iyaka zuwa garin Juárez ta tsaya kan mai shago har ya gaji ya ba ta ragowar ƙarshen bandir na leshi. A gwanjo ba ta duba riga, leshin bakin labule take dubawa da gindin siket na ciki. Ta taɓa sayen rigar barci ta wata ƙatuwar mata, ta yanke gefen, ta goge tagogi da sauran. Katin rabin unguwarmu daga teburin kicin ɗinta ya fito, kuma ba ta taɓa jefa ko ɗaya a akwatin wasiƙa ba. Ta ce kati ƙafa ke kai shi. Ka ƙwanƙwasa, a ba ka kujera, ka miƙa da hannu biyu.

Nan Herlinda ta yi kuskure. Da 'yarta za ta yi aure, ta je shago aka buga mata kati da inji, mai ruwan zinariya, ta aiko wa yayarta ɗaya ta gidan waya. Eduviges ta tsince shi tsakanin takardar kuɗin wuta da tallan magani. Ta tsaya a bakin ƙofa tana juya shi. Ba ta je bikin ba. Herlinda ma da yake jini ɗaya ne, ba ta zo ta tambayi dalili ba. Shekaru suka shige, su biyun a gari ɗaya, bas ɗaya ke haɗa unguwanninsu.

Sai Rutilio ya samu mata. Eduviges ta cika tebur da kati, ta rarraba gida-gida har ƙafarta ta kumbura. Ɗaya ya rage a kan firiji, an rubuta sunan Herlinda, gefensa tsirara.

"Wannan fa?" na ce.

"Zan kai mata da kaina."

"To liƙa masa leshi mana. Ga shi can har kan igiya."

"Na kofi? Haba, comadre! Herlinda za ta kai hanci kamar wata tsohuwa da na sani. Ta ce yayarta har yau da dabarar talauci take. Na auduga nake nema, saƙar hannu, irin wanda ba ya buƙatar ƙarya."

Ta nema kuwa, ba zan yi mata ƙazafi ba. Wanda ta gani a shagon kayan amare, farashinsa ya sa ta fito ba sallama. Na Juárez ta ce zaren ya yi kauri. Wata 'yar cocinmu ta ba ta kyauta, ta ce ya yi faɗi, zai rufe sunan. Kowane leshi sai ta samo masa aibi, ni kuwa ina ganin yadda take sauke numfashi duk lokacin da ta samo. Muddin gefen katin na tsirara, ba ta da ranar da za ta tsaya a ƙofar Herlinda tana jiran a buɗe ko a ƙi.

Ranar biki ta sa a ajiye kujera a teburinta. Aka ci, aka yi rawa, Rutilio ya juya uwarsa a tsakiyar fili, ita kuwa wuyanta na bin ƙofa. Wanda ba a gayyata ba, ta ina zai shigo? Daga baya wani ya ja kujerar ya ɗora kwanukan da aka gama da su.

Sanyi ya shigo lokacin da ta samu abin da take so. Wata tsohuwa ta rasu, 'ya'yanta suka baza kayanta a tsakar gida suna sayarwa, Eduviges ta tarar da ƙullin leshin auduga cikin gwangwanin biskit, aka ba ta a kuɗin burodi. Lokacin tari ya riga ya kama ta. Ta kira ni na gani. Ta liƙa shi tsaf a katin Herlinda, layin bai karkace ba. Ban taɓa ganin kati mai kyansa ba, ga ranar da ke jikinsa ta wuce tun tuni.

Ba ta kai shi ba. An kwantar da ita asibiti, daga can ba ta dawo ba. Herlinda ta zo jana'iza, ta zauna a bencin baya, ta yi kukan da ya sa limamin coci ya dakata da addu'a. Babu wanda ya kai mata kati, mutuwa ba ta jira wannan ba.

Tun ranar nan da ta nuna mini katin da leshinsa, ta tambaye ni, "Yanzu me zan ce mata, comadre? Biki ya wuce."

Na ɗauko mayafinta daga jikin ƙusa na jefa mata a cinya.

"Ki ce kin makara. Duk duniya ta san kin makara. Bas na nan yana wucewa ta ƙofarki, Eduviges, ke ce dai ba kya tsayar da shi."